Shagon tsofaffin littattafai na Baba Alhaji a Jidda

Shekarata 11 ina bi ta bakin layin nan in zan je Bab Makka sayen kayan miya, ban taɓa sanin akwai shagon littafi a ciki ba sai da 'yata ta ja ni. Ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, ko allon suna babu. Kowa Baba Alhaji yake ce wa mai shi. Tsoho ne haifaffen nan, kakanninsa a ƙasa suka tako daga Kano, suka ratsa Sudan, suka tsallako teku daga Sawakin. Hausarsa rabi Larabci ce, amma akwai daɗin ji.

Abin da ya kai ni kuwa aljihu ne. Yarinyar nan ta cika 15, kuma sabon littafin da zan ba da riyal 60 a kansa, dare biyu take yi ta cinye shi ta miƙo hannu. A wajen Baba Alhaji za ka ajiye kuɗin littafin, in ka dawo da shi lafiya cikin mako biyu ya cire riyal 5 ya maido maka sauran. Ina ganin ya jawo wani dogon littafin rajista yana rubuta sunanmu, sai na tuna masu hayar littafi na unguwarmu a Kano, lokacin da muke ɓoye na soyayya a ƙarƙashin hijabi.

Kantar da ke dab da ƙofa ita ce ta yaran yanzu, kuma duk aljanu ne da matsafa. Littattafan Usama al-Muslim, mutumin Ahsa ta gabashin Saudiyya, su ne ba sa kwana a shagon. Khauf, wanda ya fito a 2015, kwafi huɗu gare shi, kowanne an ɗaure bayansa da salatif saboda wucewa hannu zuwa hannu. Ƙasa da su akwai ƙananan littattafan Ahmad Khalid Taufiƙ na Masar, jerin Ma Wara'aɗ Ɗabi'a da ya fara a 1993, takardarsu ta koma ruwan ƙasa. Baba ya ce waɗannan iyaye maza ne ke zuwa nema, wai don 'ya'yansu, alhali su ne ke kewar ƙuruciya. 'Yan mata kuwa da waya a hannu suke shigowa, su nuna masa hoton bangon da suka gani a TikTok. Abin dariya, yaran da muke cewa waya ta lalata su ne ke rungumar takarda, mu iyayensu mata kuma muna can a WhatsApp muna jiran marubuciya ta sako shafi na gaba, ko mu kunna YouTube a karanta mana muna wanke-wanke.

Abin da ya sa nake komawa shi ne mutumin ya karanta abin da yake bayarwa. Rana ta biyu ya dube ni ya ce, “'Yata, ke ba za ki ɗauki komai ba? Kullum sai amaryata?” Na ce Baba, Larabcina na kasuwa ne. Ya miƙo mini Haujan na Ibrahim Abbas, ya ce in gwada, a garin nan aka yi labarin. Aljani ne ke ba da labari da bakinsa, mutane sun tare a gidan da yake zaune, ya kamu da son 'yarsu Sausan. Wata guda na yi ina fama, ina tambayar 'yata ma'anar kalmomi tana yi mini dariya. Na ji daɗinsa ƙwarai, domin a nan mu 'yan Adam ne baƙin da suka dame wa masu gida. Fim ɗinsa ne ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a nan Jidda a 2023, amma ban kalla ba, ba na son a canja mini fuskar aljanin da na ƙera a kaina.

Shagon yana da aibinsa. Ba tsari ko kaɗan, littafin fiƙihu kan littafin girki, in Baba ba ya nan yaronsa bai san inda komai yake ba. Ƙura kamar an yi shekara ba a share ba, mai asma ya zo da takunkumi. Na'urar sanyaya ɗakin ƙara kawai take yi. Ba ya karɓar kati, sai tsaba, canjinsa a gwangwanin madara yake. Buɗewa wai bayan La'asar ne, amma sau biyu muna zuwa mu tarar da kwaɗo a ƙofa. Mafi ciwo, mun ɗauki Ardu Zikola, labarin ƙasar da ake ciniki da basira maimakon kuɗi, wanda ya fi kowa talauci a yanka shi ranar bikin shekara. Yarinya ta kai gaɓar da ake jira, sai ga shafukan ƙarshe babu, an yage. Ranar ko abincin dare ba ta ci ba. Da muka koma ya ba da haƙuri, bai cire riyal 5 ɗin ba, ya ce ta zauna ya ƙarasa mata da baki. Ta toshe kunne. Sai da aka yi kwana tara ya samo wani kwafin. Tun daga nan nake duba shafin ƙarshe kafin mu fita.

Na Hausa kwali ɗaya ne tak a ƙarƙashin teburinsa, abin da alhazai da 'yan Umara suka bari. Yawanci na soyayya ne, sai na yaƙi biyu ko uku marasa bango. A ciki akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1934, kuma shi ba na haya ba ne, ba na sayarwa ba. Baba ajami da Larabci yake karantawa, bai iya boko ba, don haka shekara da shekaru littafin yana ajiye. Yanzu duk Alhamis sai ya zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofuna, ya ce, “Amarya, ina muka tsaya?” Ita kuma da baƙaƙen da ta koya a ajin Turanci take haɗa Hausar, tana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ, ina gyara mata. Duk inda Malam Zurƙe ya ɓullo sai tsohon ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Makon jiya wasu 'yan mata biyu da suka zo mayar da Khauf sun tsaya a bakin ƙofa suna saurare, ɗaya ta tambayi ko akwai fassararsa da Larabci.