Gwajin HLA a Kaduna: aiki mai kyau, rasit mai layi ɗaya

Kafin a yi wa mutum dashen ƙoda, kuɗin farko mai nauyi da iyali za su fitar na gwajin dacewa ne tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, wanda ake kira gwajin HLA. Na Yayana, wanda ya daɗe yana wankin ƙoda, a wani leb mai zaman kansa a nan cikin garin Kaduna muka yi shi. Ba zan kama suna ba, domin akwai yabo, akwai kuma ƙorafi.

Wajen ɗibar jini ba ni da ta cewa. A gabanka ake manna suna a jikin kwalba, a karanta maka, ka amsa. Matar da ta karɓe mu ba ta taɓa allura ba sai da ta tambaye ni: "Hajiya, ku da za ku bayar, uwa ɗaya uba ɗaya kuke da shi?" Gidanmu gidan yawa ne, don haka tambayar ta zo daidai. Ta ce HLA wasu alamomi ne a jikin ƙwayoyin halitta da garkuwar jiki ke bambance nata da baƙo da su, kuma gadonsu ake yi, rabi daga uwa, rabi daga uba. A ƙoda an fi duba A da B da DR, kowanne biyu-biyu, shida ke nan. Shaƙiƙi na da dama ɗaya cikin 4 ta dacewa gaba ɗaya, ɗan uba kuwa galibi iyakarsa rabi. Sannan ta ce mu fara da gwajin rukunin jini mai araha. Nan take ƙanenmu ɗaya ya fita daga lissafi, kuɗin gwajinsa ya huta a aljihunmu. Wani wurin da sai su karɓe su yi shiru.

Matsalar tana teburin akanta. Kuɗin da ya fi albashina na wata aka rubuta a layi ɗaya tal: gwajin dashe. Kamfanin inshorar da ofishin Yaya ke hulɗa da shi ya dawo da rasit ɗin, ya ce bai san me zai duba ba. Na koma, akantan ya ce, "Ai haka muke rubuta wa kowa." Sai da na nace ya fito da takardar leb ɗin da suke aika wa jinin, domin ashe ba a nan ake gwajin ba, ɗiba kawai suke yi.

A wannan takardar ne kowane gwaji ke da lambarsa, irin lambobin CPT na Ƙungiyar Likitocin Amurka. 81371 na nufin an duba A da B da DRB1 (wato DR ɗin nan) a mataki na sama-sama. 81370 ya ƙara da C da DQB1. 81378 shi ne mai zurfi, irin wanda aka fi nema a dashen ɓargo, kamar na masu sikila. Haɗa jinin mai karɓa da ƙwayoyin mai bayarwa a ga ko za su yi faɗa kuwa gwaji ne daban, a tamu takardar 86825. Duk wanda aka ɗebi jininsa lissafinsa daban, kuma wannan gwajin haɗawar sai an maimaita shi dab da tiyata, tunda ƙarin jini ko ɗaukar ciki kan sa jiki ya ƙera sababbin makaman yaƙar baƙon ƙwayoyi. Wannan a bakin likita muka ji daga baya, alhali teburin karɓar kuɗi ne ya kamata ya fara faɗa, mutum ya san inda zai dosa.

Zan iya tura wani can? Zan tura, da sharaɗi. Ya fara tambayar asibitin da za a yi dashen, ko na Malam Aminu Kano ne da ya soma wannan aiki tun 2002 ko wani, wane mataki suke so, kuma ko suna karɓar sakamakon waje. Sannan ya ƙi biya sai an rubuta masa sunan kowane gwaji da lambarsa da farashinsa, mutum-mutum.