Hattara da mai "juya jariri" da ke farautar masu tsohon ciki

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, domin ƙanwata ba ta so a san ita abin ya faru da ita. Sai da na yi mata alkawarin ba zan kama sunanta ba ta yarda. Shi ma mutumin ba zan kama sunansa ba, ko ba komai sunan da muka san shi da shi ya riga ya sauya shi. Zan dai zana muku yadda yake aikinsa, ta yadda ko da wane suna ya ɓullo za ku gane shi.

Cikinta na fari ne. Tana mako 31 aka yi mata hoton ciki, aka ce yaron a zaune yake, kansa a sama. Ma'aikaciyar awo ta ce mata kada ta damu, da sauran lokaci, ta dawo a sake dubawa. Amma kun san halinmu. Kafin ta iso gida maganar ta riga ta zama "an ce sai an yi mata aiki". Wannan ta ba ta labarin wance da aka yi wa tiyata ba ta farka ba, waccan ta ce wadda aka yanka ba ta wuce haihuwa uku. Yarinya ta daina barci. Ga ciwon baya da ƙugu ya sa ta a gaba, ko juyi a gado sai ta yi ƙara.

A cikin wannan hali wata ƙawarta ta turo mata bidiyo a WhatsApp. Wani mutum ne da farar riga irin ta likitoci, riƙe da ƙashin bayan roba, yana Hausa yana sirkawa da Turanci. Ya ce shi dokta ne na kairofraktik, ilimin gyaran ƙashin baya da ya koyo daga waje. Ya ce abin da ke hana yaro juyawa ƙashin ƙugun uwa ne da ya goce, idan aka mayar da shi mazauninsa yaro zai sauko da kai, a haihu a gida ba wuƙa ba allura. Bayan bayaninsa sai mata suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da niƙabi, suna rantsuwa cewa nasu ya juya.

Ba ta gaya mini ba. Ta san zan yi faɗa. Ta kwashi zubin adashenta, mijinta ya cika, suka biya naira dubu 180 kuɗin zuwa 12, aka ce sai an biya gaba ɗaya kafin a taɓa ta. Asusun da suka tura kuɗin ma ba na asibiti ba ne, sunan wata mata ne a kai. Rasit kuwa babu. Aka haɗa mata da wata kwalbar man shafawa ta dubu 15, ba lambar NAFDAC, ba sunan wanda ya yi.

Sau ɗaya na shiga wurin, daga baya, don haka da idona na gani. Ɗaki biyu ne a saman wani benen shaguna. Na farko kujerun roba da wata yarinya mai karɓar kuɗi, na biyu wani gado mai tsayi da matashin da aka yi wa rami a tsakiya don ciki ya shiga. Bango cike da takardun shaida a cikin gilashi, duk da Turanci, duk da tambarin zinare. A kusurwa ga fitilar nan mai zagaye ta masu ɗaukar bidiyo, a kan ƙafarta, a shirye. Na duba ko'ina ban ga abin awon jini ba. Ban ga abin sauraron bugun zuciyar jariri ba. Wurin da mata masu wata takwas da tara ke layi, amma fitilar bidiyo ta fi abin awon jini muhimmanci.

Yadda ta ba ni labari, yakan danna mata ƙugu, ya murɗa ta gefe har a ji ƙas, sai ya ce, "Kin ji ko, Hajiya? Ya koma wurinsa." Ita kuma gaskiya takan ji sauƙin bayan na kwana ɗaya ko biyu, wannan ya ƙara mata imani. Wannan ƙas ɗin ba ƙashi ne ya koma ko'ina ba. Iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kike ji idan kin lanƙwasa yatsunki. A zuwa na takwas ya shafa cikin da hannu ya ce alhamdu lillahi, yaro ya juya. Nan take aka kunna fitila, aka ce ta faɗa wa 'yan uwanta mata abin da Allah ya yi mata. Ta faɗa, har da hawaye.

Kuɗin bai dame ni ba kamar sharuɗɗa biyu da ya gindaya mata. Na ɗaya, kada ta sake yin hoton ciki, wai na'urar tana firgita yaro ya koma yadda yake. Na biyu, kada ta gaya wa masu awo tana zuwa wurinsa, wai su da kuɗin tiyata suke ci, za su hure mata kunne. Da waɗannan biyun ya toshe duk wata ƙofa da ƙaryarsa za ta fito. Ta daina zuwa awo tun daga mako 33.

Ranar wata Talata, tana mako 37 da 'yan kwanaki, na je gidanta kai mata kayan jarirai. Na tarar da ita kwance, fuska ta kumbura, zoben hannunta ya nutse a yatsa.

"Ke, lafiya? Tun yaushe kike haka?"

"Yaya, kaina ne kwana uku kamar zai tsage. Ina ganin wasu taurari-taurari. Amma dokta ya ce daga wuya ne, gobe zai gyara mini."

"Wane dokta?"

A nan ne zance ya fito. Ban tsaya faɗa ba, na kira mijinta na ce, "Malam, duk abin da kake yi ka bari ka same mu a asibiti." Aka auna jininta, 160 bisa 110. Aka duba fitsari. Aka yi hoto: yaro na nan zaune daram yadda yake tun farko, ko motsawa daga wurin bai yi ba. Likitar ta ce alamun jijjigar masu ciki ne, kuma ba za a jira ba. A daren aka yi mata aikin da ta kashe kusan dubu 200 tana gudu. Allah ya sa da sauran shan ruwa, ita da ɗanta suna nan lafiya. Amma har yau idan na tuna cewa washegari wuyanta za a je a murɗa da wannan hawan jinin, sai jikina ya yi sanyi.

Bayan hankali ya kwanta na zauna na bi diddigin abin, na kuma yi ta tambayar likitar da ungozomomin ɗakin haihuwa har suka gaji da ni. A nan na gano inda dabarar take, kuma wallahi mai sauƙi ce. A wajen mako 28, kusan jariri 1 cikin 4 a zaune yake. Zuwa lokacin haihuwa, 3 ko 4 ne kawai cikin 100 ke rage a haka. Ma'ana mafi yawansu da kansu suke juyawa, ko an taɓa uwar ko ba a taɓa ta ba. Shi ya sa mutumin nan ya fi son masu mako 30 zuwa 32. Ya karɓi kuɗi, ya yi ta ƙas-ƙas na wata guda, yaro ya yi abin da dama zai yi, shi kuma ya kwashe yabo da bidiyo. Matan da ke rantsuwa ba lalle ƙarya suke ba, nasu ya juya ɗin. Ba shi ya juya shi ba ne kawai. Waɗanda nasu bai juya ba kuwa ba a sa su a gaban fitila, sai dai a ce sun tsallake zuwa, ko sun karya sharaɗi.

Kada a ce na yi wa sana'a kuɗin goro. Kairofraktik abu ne da ke akwai. Wani mutum mai suna D. D. Palmer ne ya fara shi a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, bisa tunanin cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka, tunanin da binciken likitanci bai tabbatar ba. Yau a Amurka da Kanada da Ingila da Ostireliya akwai makarantunsa da hukumomin ba da lasisi, kuma mutane na zuwa musamman don ciwon baya. Akwai wata hanya da ake kira ta Webster, da sunan Larry Webster da ya ƙirƙiro ta, wadda ake yi wa masu ciki a ƙashin ƙugu. Ita ce ɗan damfarar nan ke ambata don ya burge mutane. Abin da bai faɗa ba shi ne, a can inda sana'ar ke da doka ma an ja musu kunne. A 2016 hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Ostireliya ta fito fili ta ce ba a horar da su don yi wa ɗan tayi magani ba, kuma kada su tallata aikinsu a matsayin hanyar gyara kwanciyar jaririn da ke zaune. Abin da aka hana masu takardar gaske faɗa a can, shi wani ke sayarwa a saman bene a nan.

Ciwon bayan kuwa gaskiya ne, ba raki ba ne. Nauyi ya ƙaru a gaba, kuma jiki na fitar da sinadarin da ke sassauta jijiyoyin ƙugu don shirin haihuwa. Ki faɗa a wurin awo, a tura ki sashen fisiyo, inda ake gashin ƙashi da koya motsa jiki. Kwanciya ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi da ɗamarar tallafar ciki suna taimaka wa da yawa. Amma a wata na takwas da tara, ciwon baya kan iya zama naƙuda ce ta taso kafin lokaci, ko ciwon mafitsara da ya hau ƙoda, ko mabiya ce ke ɓallewa. Mai danna ƙugu ba shi da abin da zai bambance waɗannan.

Juya jariri da hannu ma akwai shi, amma aikin likitan mata ne. Ana yin sa a asibiti wajen mako 36 zuwa 37, bayan an yi hoto an ga inda mabiya take da yawan ruwa, ana sauraron zuciyar yaro kafin da bayan, sau da yawa a ba uwa maganin sassauta mahaifa, ɗakin tiyata kuma a shirye ko da wani abu ya taso. Duk da wannan shiri, kusan rabi ne ke yin nasara, kuma akwai matan da ba a yi wa sam, kamar mai zubar jini ko wadda mabiya ta tare bakin mahaifa. To likita da na'ura ya ce miki rabi da rabi, wani da matashi mai rami ya ce miki tabbas. Ki auna.

Na san abin da ke kora mata wurin irin waɗannan ba wauta ba ce, tsoro ne da kuɗi. Tiyata na da tsada, kuma gorin dangin miji ya fi wuƙar zafi. Amma a Nuwamba 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Ki tambaya a wurin awonki ko asibitin da za a tura ki na cikin shirin, tun kafin ranar ta zo.

Idan har za ki bar wani ya taɓa miki baya da tsohon ciki, ki nemi lambar rajistarsa, ba takardar bango ba. A Najeriya hukumar MRTB ce ke rajistar masu fisiyo da masu kairofraktik, MDCN kuma ta likitoci. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, kuma shi da kansa zai nemi ganin katin awonki, ya ce ki sanar da likitarki. Duk wanda ya ce ki ɓoye wa masu awo, ko ki daina hoto, ko ki biya wata guda gaba, ki ɗauki jakarki. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi, jini, fashewar faya, ko yaro ya rage motsi, waɗannan asibiti ake nufa a daren, ba a jira gari ya waye. Maza, ku ma da ku nake. Mijin ƙanwata mutumin kirki ne, ya biya kuɗin ne don yana tausayinta, amma ko sau ɗaya bai hau benen nan ya ga inda ake kai matarsa ba.

Bayan suna da kwana biyu muka koma ni da shi neman kuɗinmu. Yarinyar ta ce dokta ya yi tafiya, kuma ai Hajiya ce ta karya sharaɗi da ta je asibiti. Na kira lambarsa, ya ɗauka sau ɗaya, da ya ji ko wace ce ya kashe, daga nan ya toshe ni. Mun rubuta ƙorafi mun kai hukumar da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu ta jiharmu, da hoton shaidar tura kuɗin da kwalbar man. Kafin wata ya zagayo shagon ya koma na mai sayar da labule.

Makon jiya wata maƙwabciyata mai ciki wata bakwai ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Maman yara, dubi wannan, kin san shi?" Sabon suna, sabuwar unguwa, amma farar rigar ce da ƙashin bayan roba. Mace ta uku a jerin masu shaida ƙanwata ce, da hijabinta mai ruwan toka, tana share hawaye tana cewa yaronta ya juya.