Wasiƙa daga Jamus kan kwamfuta mai lanƙwasuwa

Assalamu alaikum, ƙanena. Ina fata kana lafiya, da su Mama da kowa da kowa. Na ga hoton da ka turo na laftof ɗin nan da ake lanƙwasa fuskarta baya ta koma kamar allo, kana tambaya ko irinta ce a hannuna, kuma ko ta ci kuɗinta. Irinta ce. Yau wata goma sha huɗu ke nan ina aiki da ita kullum, to bari in ba ka labarin yadda na zaɓe ta a nan Jamus da yadda zamanmu ya kasance.

Kamfanin Lenovo ne ya yi fice da wannan samfuri a shekarar 2012, da kwamfutarsa mai suna Yoga, lokacin da Windows 8 ta zo da tsarin taɓa fuska da yatsa. Daga baya HP da Dell da Samsung da Asus duk suka fitar da nasu. Akwai wani nau'in daban, irin Surface Pro na Microsoft, wanda ake cire masa kibod gaba ɗaya. Na gwada shi a kanti, na ga ba ya zama daram a kan cinya, ni kuwa rabin aikina a cikin jirgin ƙasa nake yin sa, shi ya sa na ɗauki mai hinji, wato mahaɗin da fuskar ke lanƙwasuwa a kansa.

Nauyinta kilo 1.3 ne, tsohuwata kuwa ta haura kilo 2 ban da caja. Kafaɗata ta san bambancin tun makon farko. Amma kada talla ta ruɗe ka: abin da ya yi sauƙi a jaka yana da nauyi a tafin hannu. In ka lanƙwasa ta kana karatu a tsaye, kafin minti goma wuyan hannunka ya fara tsami, domin iPad da ake kwatanta ta da shi bai wuce rabin kilo ba. Inda lanƙwasawar ke da amfani shi ne a kan tebur, ka kwantar da ita ka ɗauki alƙalaminta ka yi gyara a kan takarda, ka sa hannu a fom, ko ka zana wa wani abin da baki ya kasa bayyanawa. Ni har rubutun Larabci nake yi da shi, ya fi mini saurin neman haruffa a kibod. Alƙaluman nan ba tsari ɗaya suke bi ba, na wannan kamfani ba lallai ya yi aiki a kan fuskar wancan ba, kuma wasu ba sa sa shi a cikin kwalin, sai ka saya daban. Ka tambaya tun kafin ka biya.

Abin da ya fi ba ni wahala kuwa, wanda babu mai faɗa maka a bidiyon talla, shi ne kibod. Ƙasashe da dama suna da nasu jerin haruffan. Na Jamus an musanya wurin Y da Z, na Faransa kuma A da Q da wasu sun sauya wuri. Ga mai rubuta Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duba sau nawa kake rubuta "ya" da "za" da "yanzu" a shafi ɗaya. A kibod ɗin Jamus, yatsan da ya saba zai rubuta "za tafi" a inda kake nufin "ya tafi", ma'ana ta juye ba ka sani ba. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, har ma akwai tsarin Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, amma abin da aka buga a jikin maɓallan yana nan yadda yake, kuma a irin waɗannan siraran kwamfutoci sauya kibod aiki ne babba, sau da yawa sai an sauya duk murfin saman. Kantunan da na shiga duk na Jamusanci suka ajiye. Sai da na yi oda ta intanet na zaɓi jerin Ingilishi, na jira kusan mako uku.

Haka RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke amfani da ita yayin aiki. Don a rage kauri, galibinsu an liƙe shi da dalma a jikin allon ciki, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Abin da ka saya ran farko da shi za ka zauna har ta tsufa. Kada ka yarda da ƙasa da gigabait 16. Ma'ajiyar fayil, wato SSD, ita a yawancinsu ana iya sauya ta daga baya, to in za ka rage kuɗi a can za ka rage. Tun 2024 kuma an fara cika kasuwa da masu ɗauke da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta Snapdragon a maimakon ta Intel ko AMD. Batirinsu na daɗewa sosai, sai dai wasu tsofaffin manhajoji da na'urorin buga takarda ba sa jituwa da su.

Yanzu ga maganar saye, inda na ga bambanci na gaske. A nan kuɗin da aka rubuta a jikin kaya shi za ka biya, harajin kashi 19 cikin ɗari yana ciki. Wani abokin karatuna da ke Amurka ya ce a can sai ka je wurin biya ake ɗora harajin, kuma kowace jiha da nata. Sannan a duk Tarayyar Turai, in ka sayi abu ta intanet kana da kwana 14 ka mayar da shi ba sai ka faɗi dalili ba. A kanti wannan ba dole ba ne, sai in mai kantin ya ga dama. Mutane da yawa sukan je kanti su taɓa, su ɗaga, su lanƙwasa, sannan su koma gida su yi oda. Ban da garantin kamfanin da ya ƙera, wanda galibi shekara ɗaya ne, doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin duk wani aibi na asali har shekara biyu. Tun 2022 a Jamus, in aibin ya bayyana cikin wata 12 na farko, ana ɗauka da shi kayan ya zo, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne.

Na ɗanɗana wannan da kaina. A wata na takwas fuskar ta fara ƙyaftawa duk lokacin da na lanƙwasa ta ta wuce rabi. Siraran wayoyin da ke kai hoto ta cikin hinjin suke bi, kuma nan ne wurin da ya fi shan wahala a irin wannan kwamfuta. Na rubuta wa waɗanda suka sayar mini, na haɗa da rasit. Suka turo takardar aikawa kyauta, suka ce in kwashe fayilolina tukuna. Ba su ja ni da gardama ba, ban biya ko sisi ba. Amma kwana ashirin na yi babu ita, ana tsakiyar aiki, kuma duk kiran da na yi amsa ɗaya ce, tana kan layi. Da ta dawo na ga ba gyara wayar suka yi ba, duk fuskar suka sauya da hinjinta. Haka gyara yake a nan: ladan ma'aikaci na da tsada, ba mai zama ya bi waya ɗaya da dalma kamar yadda masu gyaranmu ke yi. Na yi kewar wannan gwanintar ƙwarai a kwanakin nan. Sai dai ko gwani ne, in babu fuskar wannan samfurin a kusa, hannunsa a ɗaure yake.

Nan ne damuwata take game da kai. Wannan kariya ta doka tana tsakanina da mai sayarwa ne a nan. In kwamfutar ta koma hannunka, neman haƙƙin yana nufin a dawo da ita Jamus. Garantin wasu kamfanonin yana aiki a ƙasashe da yawa, na wasu kuma a yankin da aka saya kawai, kuma yakan bambanta ko a cikin kamfani ɗaya. Kafin in saya maka komai sai na ga sunan ƙasarmu a rubuce cikin sharuɗɗan.

Batir yakan kai ni awa takwas zuwa tara a rubutu da karatu, ƙasa da abin da aka rubuta a kwali, in kuma ana taron bidiyo ya ragu sosai. Na saita ta ta daina caji a kashi 80, domin cika batir fal kullum da zafi su ne ke saurin kashe shi. Jikinta siriri ne, fankarta ƙarama, in ka ɗora ta a kan katifa ka toshe mata iska nan da nan ta ɗau zafi. Fuskar gilashi ce mai sheƙi, a ɗaki launinta ya yi kyau matuƙa, a rana kuwa fuskarka za ka riƙa gani.

Caja ba matsala. USB-C ce mai wat 65, tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, kan filogin kawai za a sauya tunda na nan mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Tarayyar Turai ta sa 28 ga Afrilu 2026 a matsayin ranar da dokar amfani da caja iri ɗaya, wato USB-C, ta hau kan laftof, bayan wayoyi da ta fara da su a ƙarshen 2024. Kafofin jona kaya a jikin kwamfutar dai kaɗan ne, in za ka haɗa da majigi ko kebul na intanet sai da ɗan mahaɗi, ni kullum yana jakata.

To ka rubuto mini abu biyu: sunayen manhajojin da kuke aiki da su a sashenku, da kuma ko da gaske kana rubutu da zane da hannu. In ba ka yi, akwai marasa lanƙwasuwa masu irin wannan nauyin, kuma su nake ganin sun fi dacewa da kai. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan taho da wadda na saya maka a jakar hannu, da rasit ɗinta. Ka gaishe mini da Mama, ka ce mata zan kira ranar Juma'a.