Fostar Gismonda da na saya: zanen ya fito, tsayin ne ya yi kaɗan

Wani shagon intanet mai sake buga tsofaffin fostocin gidajen wasan kwaikwayo na Turai ne ya aiko min da ita, a nannaɗe cikin doguwar kwali, ba lanƙwasa ko ɗaya. Takardar tana da kauri kuma ba ta sheƙi, don haka hasken fitila ba ya kashe ido in an rataye ta.

Zanen na Alphonse Mucha ne, ɗan ƙasar Cek, wanda ya yi wa fitacciyar 'yar wasa Sarah Bernhardt don wasan Gismonda a gidan Théâtre de la Renaissance da ke Paris, gidan da aka buɗe a 1873 kuma har yau ana wasa a cikinsa. A farkon Janairun 1895 aka manna ta a bangayen birnin. Ta burge Sarah har ta ba shi kwantiragin shekara shida.

Ni da nake koya wa yara zane, layin alƙalami na fara dubawa, kuma wallahi mai bugun ya kyauta. Adon doguwar rigar Sarah, furannin da ta ɗora a ka, reshen dabinon da ta riƙe, sunanta da aka rubuta kamar da ƙananan duwatsu jere, duk sun fito tsaf. Har ƙasan rigar, inda Mucha ya bar zane tsura ba cikon ado, ana ganinsa sarai. Nan ne nake nuna wa ɗalibaina cewa ba dole sai an cika kowane fili ba.

Launin zinariyar ne ya ɗan koma rawaya. Wannan na yi musu uzuri, domin ta asali da dutse aka buga ta a takarda, kowane launi da nasa dutsen.

Abin da ya dame ni shi ne girma. Ta asali ta haura mita 2, sai da aka haɗa takarda biyu, don mai wucewa a titi ya ga Sarah tsaye kusan da tsayinta na gaske. Tawa ba ta kai mita ɗaya ba, kwarjinin ya ragu sosai. Duk mai son saye ya tambayi tsayin tukuna, kuma in da hali ya ƙara kuɗi ya ɗauki mafi girma da suke da ita.