Picnic at Hanging Rock da My Brilliant Career: wanne za ki fara kalla?

'Yar uwa, kin ce aikinki a kan yadda finafinan Ostireliya ke nuna mace ne, kina neman wanda za ki fara da shi cikin biyun nan. Dukkansu labarin 'yan mata ne a wajajen 1900, amma ba ido ɗaya ya kalle su ba.

Na farkon, na Peter Weir, ya fito a 1975. Ɗaliban makarantar kwana sun je shan iska gindin wani dutse a jihar Victoria, uku da malamarsu suka yi ɓatan dabo. A nan kallon 'yan matan ake yi, ba sauraronsu ba. Mai ɗaukar hoto, Russell Boyd, har mayafin amarya ya shimfiɗa a kan gilashin kyamara, shi ya sa kike ganinsu cikin fararen riguna kamar a mafarki. Suna hawa dutsen, suna tuɓe takalmi da safa. Da aka tsinci Irma, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓata, bayan kusan mako, abin da ya fi damun manya shi ne ko wani ya taɓa ta, sai da likita ya ce budurcinta na nan. Ga kuma son da Sara, wata ɗaliba marainiya, ke yi wa Miranda, wadda ita ma tana cikin waɗanda suka ɓata. Fim ɗin bai taɓa kiran sunan abin ba, ya dai bar ki ki lura.

Na biyun, na Gillian Armstrong, 1979, ba ya wannan ɓoye-ɓoye. Sybylla, wadda Judy Davis ta fito a matsayinta, baki gare ta. Harry, saurayi mai dukiya da take so, ya nemi aurenta, ta ce a'a, rubutu za ta yi. An shafe fiye da shekara 40 mace ba ta ba da umarnin cikakken fim a ƙasar ba kafin wannan. Marubuciyar littafin 1901 da aka ɗauko labarin fim ɗin daga cikinsa ma, Stella ne sunanta, ta fitar da shi da sunan Miles Franklin mai kama da na maza.

A ganina fara da na Armstrong, don hujjar a fili take, za ki samu abin kamawa. Amma na Weir ya fi nama. Ki kalle shi sau biyu, a karo na biyu ki riƙa lura da wanda ke leƙen 'yan matan duk lokacin da kyamara ta bi su.