Shagon abin sha na Adum da kwalabe iri uku da na daɗe ina yi wa kuɗin goro

Shekara goma sha huɗu ke nan ina girkin biki a unguwar Aboabo ta birnin Kumasi a Ghana, na aure, na suna, har da walimar alhazai. A da, sobolo, wato zoɓo, da lamurji da 'yan katan na lemo sun ishi kowane taro. Yanzu kuwa amarya ba ta yanka kek sai an fasa doguwar kwalbar nan mai takardar ruwan zinariya a wuya, kumfa ta zubo, a ɗauki hoto. Wasu su ce mata wayin, wasu shamfen, kowa ya ƙara da cewa "ai ta Musulmi ce, babu giya." Haka ni ma nake faɗa, har watan jiya da aka ɗora mini sayayyar abin sha na auren 'yar yayata.

Abokiyar sana'ata ce ta kwatanta mini shagon, a wani lungu na Adum, tafiyar ƙafa kaɗan daga kasuwar Kejetia. Ƙarami ne, mutum uku suka shiga ya cika. Mai shi dattijuwa ce 'yar Asante, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ina shiga na nuna wata kwalba mai kyan gani na ce a ba ni katan shida. Ta dubi mayafina, ta sauko da kwalabe uku ta jera a kan kanta.

"Hajiya, kafin ki ƙirga kuɗi, juya bayansu ki karanta."

Daga gaba kamar uwa ɗaya ta haife su. A baya, ta farko an rubuta 12%. Wannan giya ce tsantsa, kuma yawancin wayin tsakanin kashi 11 zuwa 14 yake. Ta biyu an rubuta 0.5% da ƙananan baƙaƙe, duk da gabanta na cewa babu barasa. Ta uku ruwan inabi ne da aka cusa wa iskar gas irin ta lemon kwalba. Wadda na nuna da farko ita ce ta biyun, kuma sai da gabana ya faɗi, domin na tabbata na taɓa jera irinta a teburin amare.

Abin da Maame, wato mai shagon, ta fahimtar da ni shi ne, ta biyun da giya ta fara rayuwa. An matse inabi, yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa, sannan aka ɗumama shi a tukunyar da aka zuƙe iskar cikinta. A irin wannan tukunya barasa tana tashi tun zafi bai wuce digiri 30 da 'yan kai ba, maimakon 78, shi ya sa ɗanɗanon ba ya ƙonewa. Dabarar ba ta yau ba ce, wani mai sana'ar wayin a Jamus, Carl Jung, ya yi mata rajista tun 1908. Kuma dokar Turai da ta Amurka sun yarda a kira abin da bai wuce 0.5% ba marar barasa. To kin ga rubutun gaban kwalba bai karya doka ba, amma ba shi ne abin da muke nufi ba idan muka ce babu giya.

Ta ukun ita ce ba ta taɓa tsimuwa ba. Maame 'yar cocin Methodist ce, kuma da alfahari ta ba ni labarin Thomas Welch, likitan haƙori ɗan cocinsu a Amurka, wanda a 1869 ya dafa ruwan inabi ya rufe a kwalba don kada ya zama giya, saboda bai yarda a sha barasa a ibadarsu ba. Sunansa na nan a kan kwalaben Welch's har yau. Na ji daɗin wannan hira ƙwarai. Ashe damuwar da ta kawo ni shagon ta taɓa damun wasu, shekara fiye da 150 da suka wuce.

Da na koma gida na kai maganar ta biyun wurin malamin unguwarmu. Ya ce malamai sun saɓa: wasu na duba abin da ya rage a kwalba, wasu na duba asalinsa. Ni ba mai fatawa ba ce. Amma a tukunyata da teburina, wadda ba ta taɓa zama giya ba kaɗai zan ajiye wa baƙi, tunda amana suka ba ni.

Irin ta ukun na saya, katan huɗu na ja, biyu na fari. Jan ya fi karɓuwa nesa ba kusa ba. Yana da ɗan tsami-tsami da ke yanke maiƙon dafa-duka da soyayyen naman rago, in dai ya yi sanyi sosai. Farin zaƙinsa ya yi mini yawa, rabin kofi ya gundure ni, ko da yake yara sun yi rububinsa. A nan ma na koyi wani abu: launin ja daga ɓawon inabi yake fitowa, ruwan cikin yawancin inabi fari ne, har ma shamfen na ainihi, wanda a yankin Shamfan na Faransa kaɗai ake yinsa, da baƙin inabi ake haɗa mafi yawansa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A wurin bikin na ji wata gwaggo tana tura wa mai jego kofi tana cewa ja ne, yana ƙara jini. Launi ba jini ba ne. Mai ƙarancin jini ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, da hanta da wake da maganin asibiti take bukata. Ruwan inabi zalla yana ɗauke da sukari wajen giram 15 a kowane mililita 100, wato kwalba ɗaya ta mililita 750 ta haura giram 100. Dattawanmu masu ciwon sukari na ɗirka shi suna ganin magani suke sha. Masu cewa jar giya tana gyara zuciya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya.

Shagon yana da nasa aibu. Ba sa kai kaya gida, sai da na nemi kayayo biyu, wato 'yan dako, suka fitar mini da katan zuwa titi, sannan na ɗauki abobo-ya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku. Wasu katan ɗin a bakin ƙofa suke jibge, rana na dukansu tun hantsi, don haka na dage a ɗebo mini na can ciki. Farashi kuma ya ɗan ɗara na cikin Kejetia. Amma kowace kwalba da na duba tana da lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, da ranar lalacewa a fili, kuma Maame ta yarda in mayar da katan da ba a buɗe ba.

Gargaɗinta na ƙarshe, ina bakin ƙofa: wadda aka buɗe ta shiga firij, a shanye ta cikin kwana biyu ko uku. Duk wadda ta taɓa barin jarkar sobolo a zafin Kumasi ta dawo ta tarar ta kumbura tana huci ta san dalili. Haka bammi yake, da safe zaƙi, da yamma ya juya.

Ina da suna a Asawase mako mai zuwa, kuma na riga na kira ta ta ware mini katan uku na jan, daga na cikin ɗaki.