Daga Alabama: filayen golf da gidajen da suka gaji zana su

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya. Ka tambaye ni wane irin aiki ne kula da ciyawa har ake biyan mutum albashi a kansa, to ga amsar a tsanake.

Filin da nake aiki yana cikin jerin da ake kira Robert Trent Jones Golf Trail a jihar Alabama: wuraren wasan golf 11, ramukan jefa ƙwallo 468, an fara buɗe su a 1992. Kuɗin fanshon ma'aikatan jihar aka zuba aka gina su, domin su jawo baƙi su kawo riba. Ba sai kana ɗan kulob ba. Ka biya kuɗin wasa, ka yi hayar sanduna idan ba ka da su, a ba ka 'yar mota mai batir, ka shiga. A gida kuwa ka san sai mai hali ko mai hanya ke taka irin wannan wuri.

Mutumin da aka sa wa jerin sunansa an haife shi a Ingila a 1906, aka kawo shi Amurka yana yaro, ya rasu a 2000. Ya zana ko ya gyara filaye wajen 500, har da filin Dar es Salam na birnin Rabat a Maroko da ya yi wa Sarki Hassan na Biyu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 'ya'yansa biyu sun gaji sana'ar. Babban, Robert ƙarami, shi ya mayar da tsohon ramin haƙar tsakuwa a jihar Washington ya zama filin Chambers Bay, inda aka buga babbar gasar golf ta US Open ta 2015. Ƙanensa Rees ya yi suna wajen gyaran tsofaffin filaye kafin manyan gasa, kamar Bethpage na New York kafin US Open ta 2002. Kowa da kamfaninsa, har neman kwangila ɗaya sukan yi. Akwai kuma gidan Dye, su ma masu zana filayen golf: Pete da matarsa Alice da 'ya'yansu Perry da P.B. Ramin nan na 17 da ruwa ya kewaye a filin Sawgrass na Florida, shawarar Alice ce.

Gadon sana'a ba baƙonmu ba ne. Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya, zuriyarsa kuma suka riƙe sarautar magina. Bambancin shi ne a nan sunan maginin ne a allon ƙofa, kuma sunan yana ƙara wa fili daraja da farashi. Mu kuwa da wuya ka ji an tambayi wa ya tsara wuri, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Aikin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fi na sama yawa. Inda ramin yake, an shimfiɗa bututun tsane ruwa, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ciyawa, shi ya sa ko an kwana ana ruwa da safe ana wasa. Ban ruwa kwamfuta ke sarrafa shi. Mu kan fara aske ciyawar tun da asuba, kafin mai wasa na farko ya iso. Sai in tuna filayen Arewa da ake daddaɓe yashi da baƙin mai a maimakon ciyawa, dabarar da ta dace da raninmu, ban raina ta ba ko kaɗan.

Abu ɗaya dai gida ya fi: masu ɗaukar wa mai wasa jakar sanduna. Yaranmu sun san kowane tudu da kwari, suna ba mai wasa shawara, suna samun na abinci. A yawancin filayen nan 'yar motar ta cinye wannan aikin.

Ka faɗa wa ɗanka da ke karatun zanen gine-gine cewa tsara fili da ƙasa fanni ne mai zaman kansa a jami'o'in nan. Idan yana so, zan aiko masa da hotunan yadda muke shimfiɗa bututun. A gaishe da Hajiya.